KASHIN SHANU YA DAFA SHAYI: ABIN DA NA GANO A WATA MAKARANTAR ƘAUYE A ƘASAR ƊAMBATTA

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, don haka masu yawan rubuto mini wasiƙa suna tambayar kashi na biyu na littafina su ƙara haƙuri, yana nan tafe in Allah ya yarda. Abin da zan ba ku yau labarin murhu ne da hayaƙi, da kuma wani faɗa da aka yi a gidan Baffana a kan abin da ban taɓa zaton mutum mai hankali zai ɗaga murya a kansa ba, wato kashin shanu. Kada ku toshe hanci tukuna, ku dai biyo ni.

Bayan ƙaramar Sallah ta shekarar 2024 na tafi ƙauyenmu da ke ƙasar Ɗambatta, da niyyar in huta wa hayaniyar birni in ƙarasa rubutuna. Wanda ya san arewacin Kano ya san yadda ƙasar take, gona tana jikin gona, gari yana hango gari, babu wani daji da za a ce yau ga inda ba mai shi. Duk itacen da kika gani tsaye, ɗorawa ce ko kuka ko tsamiya ko gawo, to yana da ubangida, kuma in kika sa masa gatari sai kun je gaban mai gari. Lokacin bazara ne, zafi kamar ya tsaga ƙasa, kowane magidanci hankalinsa yana kan abu ɗaya, kai taki gona kafin ruwan shuka ya sauka.

Kwana na uku da zuwa, da sassafe ina kan tabarma ina kurɓar koko, sai na ji muryar Baffa daga wajen turken shanu yana salati yana tafa hannu. Muka fito a guje ni da Inna, muna zaton ko maciji ne, ko kuwa ɗaya daga cikin shanun huɗarsa guda biyu ne ya kwanta. Ashe wai kashin da shanun suka yi cikin dare ne aka kwashe tas, kuma ya ce ba yau aka fara ba, ya daɗe yana lura. Ya dubi Inna ya ce, "Ke, na sha gaya miki ba na son a riƙa hura mini wuta da takina. In kin ƙone shi yau, gero kuma da me zai fito?" Inna ta ce, "Haba Malam, ɗanyen kashi ne fa, ta yaya zan hura wuta da ɗanye? Kandilon da nake tsinta ai a bayan gari nake samowa." Ana cikin haka sai ga Auta, ƙaramar 'yarsu da ke aji biyu na ƙaramar sakandare, ta fito daga ɗaki da ɗan bokiti a bayanta tana sunkuyar da kai. Ta durƙusa ta ce, "Baba ku yi haƙuri, ni ce. Malamarmu ta kimiyya ce ta ce kowa ya riƙa kawo kaɗan, gas muke yi da shi."

Jama'a, in kun ga fuskar Baffa a lokacin! Ya ce, "Gas? Da kashi? To lallai boko ya zo ƙarshe." Ni kam dariya ta ƙwace mini sai da na shige ɗaki. Amma da na zauna na yi tunani sai na ga ba abin dariya ba ne, domin kowane ɗayansu yana da gaskiyarsa.

Bari in fara da gaskiyar Baffa, don 'yan birni su fahimta. A wannan yanki ba a barin gona ta huta, shekara da shekaru ana nomanta, abin da ya riƙe ta kuwa shi ne taki. Kashin shanu da na awaki da na tumaki, tokar murhu, sharar tsakar gida, duk a juji ake tara su, in bazara ta yi a loda a mangala ko amalanke a kai gona. Tsofaffi suna ba da labarin yadda a da jakai ke shiga birnin Kano da kayan itace da safe, su komo da yamma ɗauke da takin birni. Wani Bature masanin ƙasa mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe shekaru yana nazarin manoman kewayen Kano. Shi da abokan aikinsa sun fitar da littafi a 1990 a kan itacen girki a Kano, kuma abin da suka gano ya ba mutane mamaki. Ana ta cewa manoma sun cinye itatuwa, sai ga shi hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama sun nuna itatuwan gonakin da ke kusa da birni ba su ragu ba, a wasu wuraren ma ƙaruwa suka yi, domin manomi ba ya kashe itacen gonarsa, sai dai ya sassare rassa ya bar uwar. Yawancin itacen da birni ke ƙonawa daga dazuzzuka masu nisa manyan motoci ke kawo shi. To amma wannan magana ce ta fiye da shekara talatin, yau bakunan da ke cin tuwo a kowane gida sun ninka, gonar kuwa gado ya yanyanka ta.

Gaskiyar Inna kuma a idonta take. Tun ina ƙarama na san ta da jan ido da hawaye, da wani tari da ke tashinta da asuba, mu kuwa mun ɗauka haka Allah ya yi ta. Shekara fiye da talatin tana durƙushe gaban duwatsu uku a cikin ɗan madafin da ko taga babu, rufinsa ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. In akwai itace ta sa itace, in babu ta sa karan dawa, in kara ya ƙare ta koma totuwa da kandilo, in wuta ta ƙi kamawa ta yago leda ta cusa. Goyonta kuma yana bayanta yana shaƙa tare da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum wajen miliyan 3.2 ne suka rasu a duniya sanadiyyar cututtukan da hayaƙin girki na cikin gida ke jawowa, kamar ciwon huhu da na zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma mata da ƙananan yara su suka fi shan wannan hayaƙi. Mu kuwa sai mu ce sanyi ne ya kama ta, a jiƙa mata sassaƙe.

A nan dole in tsaya in tuhumi kaina da 'yan uwana marubuta. Ku duba littattafanmu, jarumar labari kullum sai ta shiga kicin tana taku ɗaiɗai, ta murɗa gas, cikin minti goma ƙamshi ya cika gida, ta fito ko gumi babu ta tarbi Alhaji. Ban taɓa rubuta wadda ta hura wuta har majina ta zubo mata ba, alhali kuwa masu sayen littattafan namu yawancinsu haka suke yi. Amare nawa aka kai da risho sabo fil a kayan ɗaki, wata shida bai cika ba aka ɗora shi saman kabad ya zama ado? Kananzir ɗin da a da a hukumance ake sayar da lita naira 50, gwamnati ta janye tallafinsa a 2016, zuwa 2023 lita ta haura naira 1,000. Tukunyar gas mai kilo 12.5 a 2024 ta wuce naira 14,000. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya tashi, itacen da mota ke kawowa shi ma ya bi sahu. Iyayenmu suna tuna wahalar kananzir ta shekarun 1990, lokacin da aka yi yayin murhun nan da aka laƙaba wa sunan Abacha. Wallahi aure nawa ne ya yi tsami a kan kuɗin itace, maigida yana ganin ana ɓarna, uwargida tana ganin an ƙuntata mata.

To, mu koma ga Auta. Baffa ya rantse sai ya je ya ga wannan malama da idonsa. Ni kuma kun san marubuci da son jin ƙwaƙwaf, na ce Baffa ku tafi da ni. Washegari muka ɗunguma, yana gaba muna biye.

Makarantar ba ta da wani ɗakin gwaje-gwaje, ajin ma rabin tagoginsa babu marfi, yara da yawa a ƙasa suke zaune. Malamar matashiya ce, ba za ta girme ni da shekara biyar ba, ta ce a Bichi ta yi karatun malanta. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Baffa, ta ce, "Baba sannunku da zuwa, laifina ne da ban aiko an nemi izininku ba." Wannan ladabi shi ya fara sanyaya masa jiki. Ta sa aka kawo masa benci a inuwar darbejiya, ta ce tun da Allah ya kawo shi, yau a gabansa za a yi darasi.

Ta gaya mana yadda abin ya samo asali. Wai a littafin da aka ba ta ta koyar akwai babi a kan makamashi, an jero sunaye da Turanci, an zana hoton wani babban fanka mai juyawa da iska a ƙasar Turai. Ta karanta musu, suka maimaita, ta yi jarrabawa suka rubuta, amma ta san ko ɗaya bai shiga ba. Abin da ya dame ta kuma shi ne 'yan mata suna yawan makara, wasu ranar kasuwa ma ba sa zuwa. Da ta bincika sai ta tarar tsintar ƙirare da kara ce ke riƙe su. Sai ta ce a ranta, ashe darasin yana gidajensu, ni ina nemansa a littafi. Ran nan ta rufe littafin ta tambaye su, da me aka dafa tuwon jiya a gidanku? Nawa aka saya? Wa ya ɗebo? Awa nawa ya yi? Ta ce ajin da ba ya magana sai ga shi kowa hannunsa a sama.

Gwajin farko da ta yi musu mai sauƙi ne, kowace uwa za ta iya yi a gida. Tukwane biyu iri ɗaya, ruwa daidai wa daida, itace an raba shi kashi biyu an ƙirga. Ɗaya a kan duwatsu uku, ɗaya a kan murhun laka da yaran suka gina da hannunsu, wanda ya rungume gindin tukunya, ƙofarsa ɗaya ta sa itace. Aka ga wanda ya riga tafasa, aka ƙirga itacen da ya rage. Ta bayyana musu cewa a murhun duwatsu uku, cikin kashi 100 na zafin wuta abin da ke shiga tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 ba, sauran iska ce ke kwashewa, sai ƙafafun mai girki da ke gasuwa a banza. Ta ce irin wannan murhu ba ita ta ƙago shi ba, Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1982 a jami'ar da yau ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta daɗe tana aiki a kan murhu mai tsimin itace, da akwatin girki da hasken rana, da gas ɗin kashin dabbobi. Akwai ma wani na ƙarfe mai suna Save80, wanda wata ƙungiyar Jamus mai suna atmosfair ta kafa masana'antarsa a nan Kano, masu shi suna cewa yana rage cin itace da kashi 80 cikin 100. Sai dai kuɗinsa ba na kowace mace ba ne, laka kuwa kyauta ce a bakin kududdufi.

Daga nan aka zo kan abin da ya kawo mu. A bayan aji, an kewaye da ƙaya saboda awaki, ga wani duro na roba an rufe bakinsa ruf an liƙe. Tiyo ya fito daga kansa ya shiga wata gora mai ruwa, daga gorar wani ya fita ya shiga tiyub ɗin tayar mota, tiyub ɗin ya kumbura tim kamar an ba shi iska a wajen faci. Malama ta ce Auta ta yi bayani. Yarinyar da a gida ko ido ba ta iya haɗawa da Baffa, sai ga ta ta miƙe tana magana tiryan-tiryan. Ta ce ana dama ɗanyen kashin shanu da ruwa, awo ɗaya na wannan awo ɗaya na wancan, a zuba a rufe kada iska ta shiga. A cikin kashin akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, tun daga tumbin saniya suke, ba sa son iska. Su ne ke cin kashin suna fitar da gas, fiye da rabinsa irin mai kamawa da wuta ne. Suna son zafi, shi ya sa a bazara cikin mako biyu zuwa uku sun fara aiki, da hunturu kuwa sai su yi nawa. Ta ce gas ɗin farko ba a kunna shi, sakinsa ake yi ya tafi saboda yana gauraye da iska, zai iya fashewa, gorar ruwan nan kuma ita ke hana wuta komawa cikin duro. Masu karatu don Allah ku riƙe wannan, kada wani yaro ya ji labari ya je ya ƙyasta ashana a bakin duro.

Malama ta jawo ƙarshen tiyon nesa, ta haɗa da wani ɗan kan murhu, ta sa wani yaro ya danna tiyub ɗin da dutse, ta ƙyasta ashana. Sai ga wuta shuɗiya shar, ba hayaƙi, ba ƙauri, da rana ma da ƙyar ake ganinta. Yara suka sa sowa. Aka ɗora 'yar buta, ba a jima ba ta tafasa, aka jefa ganyen shayi. Baffa ya matso ya miƙa tafin hannu ya ji zafi, ya janye ya ce, "Ikon Allah!" Aka zuba masa a kofi, ya riƙe yana jujjuyawa yana shinshinawa. Malama ta gane abin da ke ransa ta ce, "Baba ai wuta ce kawai ta taɓa gindin buta, kamar yadda ta kandilo ke taɓa tukunya." Ya yi bisimilla ya kurɓa. Ni dai in faɗi gaskiya sai da na ga ya haɗiye sannan na karɓi nawa.

Amma Baffa ba yaro ba ne, shayi bai mantar da shi abin da ya kawo shi ba. Ya ajiye kofi ya ce, "To Malama, na ga wuta. Ina takina?" Ta buɗe wani ɗan famfo a gindin duron, wani ruwa mai kauri ya zubo a bokiti, warinsa bai kai na ɗanye ba. Ta ce, "Ga shi nan Baba. In an ƙona kandilo, toka kawai ke saura, yawancin ƙarfin da shuka ke so ya bi hayaƙi. A nan kuwa gas kaɗai muka cire, abincin gona yana ciki, ya ma riga ya ruɓe." Ta ce a Indiya da ƙasar Sin miliyoyin gidajen ƙauye da irin wannan suke girki, ramin suke ginawa da bulo a ƙarƙashin ƙasa. Baffa ya sa kara ya motsa ruwan, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba.

Abin da ya sa na ƙara ganin girman wannan malama shi ne ba ta yi mana daɗin baki ba. Ni ce ma na yi azarɓaɓi na ce ashe an huta da sayen itace. Ta yi murmushi ta ce wa yara su fito da littafin lissafi. Kafin gida mai mutum biyar ko shida ya yi girkin yini da wannan gas, yana buƙatar ɗanyen kashi wajen kilo 50 kullum, wato na shanu huɗu ko biyar da ke kwana a turke, da ruwa kimanin lita 50, jarka biyu ke nan, a garin da ake layi a bakin rijiya da rani. Ga kuɗin gina ramin. Ta tambayi yara, gida nawa ne a garin nan ke da shanu biyar? Aka ƙirga da yatsu ba a cika hannu ɗaya ba. Ta ce to kun gani, duron nan namu shayi yake iya dafawa, ba tuwon gidan Baba ba. Sai dai in gidaje za su haɗu, ko a yi shi a makarantar kwana ko kusa da mayanka inda kashi ke zube ba mai so.

Haka ta bi sauran. Akwatin girki da rana sun gwada, kwali ne da gilashi da takardar ƙyalli da baƙar tukunya, ya dafa shinkafa da ƙwai, amma wata yarinya ta tambaye ta yadda za a tuƙa tuwo a cikin akwatin da ba a son a buɗe, ga shi tuwon dare bayan la'asar ake ɗorawa lokacin da rana ta yi sanyi. Malama ta ce ta fi kowa cin maki ran nan. Ta ba su labarin Barazil, inda tun 1975 gwamnati ta sa aka dage da yin man mota daga rake, da kuma yadda a 2007 Nijeriya ta fitar da manufar yin mai daga tsirrai, aka yi ta ɗokin bini-da-zugu, wannan da muke shinge da shi, daga baya zancen ya lafa. Ta gargaɗe su da cewa 'ya'yansa guba ne, kada wanda ya kai baki. Wani yaro kuma ya ce in aka mai da rake da rogo man mota, mutane su ci me? Ka ji tambayar ɗan manomi.

Wanda ya fi karɓuwa wajen yaran shi ne gawayin shara. Ɓawon gyaɗa, totuwar masara, buntun shinkafa, a zuba a duron ƙarfe a sa wuta a rufe ta ci a hankali ba tare da ta zama toka ba, a daka, a kwaɓa da ɗan kokon rogo, a dunƙula kamar ƙuli-ƙuli a shanya kwana uku. Yana ci a kurfoti kamar gawayin ƙirya, ko da yake ya fi shi toka. Karan dawa kam ta ce a bar shi, yana da masu shi da yawa, ga danni, ga dabbobi, ga murhu. Ta kuma ja musu kunne a kan abin da ni ma zan ja muku, kowane irin gawayi ne kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki don jin ɗumi da hunturu, yana fitar da wata iska marar wari mai kashe mutum cikin barci.

Da Baffa ya ga zance ya zo kan itace sai bakinsa ya buɗe, malami ya koma ɗalibi. Ya shiga gaya wa yara wane itace ne ya fi wuta, ya ce marke sarki ne, ya ce gawo ba a taɓa shi domin shi da damina yake zubar da ganye, gero a gindinsa ya fi ko'ina kyau. Malama ta ce abin da ya faɗa shi ne maƙwabtanmu na Maraɗi suka riƙe. Tun wajen 1983, da taimakon wani mutumin Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, manoma suka daina tumɓuke kututture lokacin sassabe, sai su zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi su bari su datse sauran. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar, mata suna samun ƙirare a gonar gidansu. Baffa ya ce, "Wannan ai ba sai Bature ya gaya mana ba, kakana haka yake yi da sabara da kalgo." Malama ta ce, "To Baba ko za ku zo ranar Laraba ku nuna musu a gona?" Ya gyara hula ya ce zai duba.

A hanyar komawa gida bai ce uffan ba sai da muka kusa shiga gari, sannan ya ce wa Auta ba tare da ya waiwayo ba, "Bokiti ɗaya a mako, ba kullum ba. Kuma ruwan nan na gindin duro, nawa ne."

Inna ita ba ta je makaranta ba, darasin ne ya biyo ta gida. Ranar Asabar Auta da ƙawayenta biyu suka kwaɓa laka da ƙaiƙayi suka gina mata murhu a tsakar gida ƙarƙashin rumfa, ba a cikin madafin nan mai duhu ba. Ta tsaya tana kallonsu tana taɓe baki, tana cewa ita da aka aurar tun ba a haifi uwar malamarsu ba yau za a koya mata hura wuta. Sai da ya bushe kwana biyar sannan ta yarda ta ɗora ruwan zafi a kai, wai don kada yara su ji kunya. Abin da ya fi ba ta haushi kuma shi ne kwandon wake. Auta ta tafasa wake kamar minti goma sha biyar, ta sauke tukunyar a rufe, ta cusa ta cikin kwandon da aka shimfiɗe da tsummoki da tsohon bargo, ta danne da matashi. Inna ta ce yau za mu kwana da yunwa. Bayan awa uku aka buɗe, tururi ya tashi, wake ya yi luguf. Ta ɗebo a mara ta murza da yatsa, ta kai baki, ta ce gishiri bai ji ba.

Na sake komawa da kaka. Na tarar tiyub ɗin makaranta ya huje, duro ya yi wata guda a zaune, sai da yaran suka yi karo-karo na naira hamsin-hamsin aka kai wa mai faci. Baffa ya je ranar Laraba har sau biyu. Ya zuba ruwan duron a kunya huɗu na geronsa ya kafa kara ya yi alama, na tambaye shi yaya ya gani, ya ce shekara ɗaya ba ta isa a yanke wa gona hukunci ba, amma dai ya aika a gaya wa Malama kada ta ba kowa na bana. Tarin Inna yana nan, ko da yake ta ce idon ya yi sauƙi. Duwatsunta uku kuwa ba ta yar ba, suna jingine a bayan rumbu, ta ce ranar bikin Auta tukunyar ƙarfe mai cin kwano goma ba za ta hau wannan ɗan murhun laka ba. Auta da ke tankaɗe a gefe ta ɗago kai ta ce, "Inna ai sai na gama babbar sakandare tukuna." Inna ta dubi ƙofar turakar Baffa, ta ce mata ta yi a hankali yana ciki.